Yadda Na Kwanto Muryar Tanko Daga Gonar Shinkafa

Wanda zai yarda ya yarda. Wanda ba zai yarda ba, ga hanyar madatsar ruwan Zobe nan, ya hau mashin ya je ya tambaya, man fetur ɗinshi ne ba nawa ba. Ni ɗin nan da kuke gani, Ɗanjuma Rikoda, na taɓa shiga gonar shinkafa na kwance muryar mutum daga jikin kara, na naɗo ta da biro, na kai ma mai ita har cikin zaurenshi. Kun ga har kun fara dariya. Ku yi, haƙoranku ne. Ku da sana'arku ba ta wuce ku zauna ƙarƙashin lema da kwamfuta ba, a miƙo maku waya ku danna nan ku danna can, waƙoƙi su zube cikin memori kafin mai wayar ya gama sosa kunne. Shi ya sa kuke ganin aikinmu na kaset wasan yara ne. Wai Baba Ɗanjuma mene ne a ciki, ba dannawa ba ce kawai? To ku gyara zama.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne naɗe zare. Maigidan nawa Alhaji Bawa Mai Garmaho ne na Kurfi, Allah ya jiƙanshi, mutumin da ya fara sana'ar tun lokacin baƙin faifai mai allura, kafin kaset ya zo. Na yi wata da watanni a shagonshi ban taɓa rikoda ba ko da ɗan yatsa. Sai dai a ajiye mani kwando cike da kaset ɗin da rediyon mutane ya tauna, in zura biro a ramin in yi ta juyawa. Na juya har wuyan hannuna ya koyi aikin shi kaɗai. Ina cin tuwo hannu na juyawa, na kusa da ni shi ke shan miyar a riga. A nan na san zaren kaset fuska biyu gare shi, mai sheƙi da mai duhu, kuma murya a mai duhun take kwance. Ka murɗe shi ka mayar a juye, mawaƙi ya koma yana waƙa kamar an kifa mashi tukunya a ka.

In zare ya tsinke, reza ake sa wa a daidaita bakin a karkace, a haɗa, a manna ɗan siririn salatif ta bayan. In babu salatif, jan farcen mata. Ni ake aika in sayo, ina saurayi da ɗan gemuna, 'yan matan Kurfi suka sa ni gaba wai wace ce amaryar. Ƙarfen nan da ke karanta zare, wanda muke ce ma hed, da auduga da sifirit ake goge shi. Ranar da sifirit ya ƙare Alhaji sai ya zaro turarenshi daga aljihu, waƙa ta fito tana ƙamshi. Kayan aikinmu ke nan kaf: rikoda mai baki biyu, batirin mota, sukundireba, reza, biro, da kunne. Kunnen ne ba a saye a kasuwa.

Abin da Alhaji bai yarda a yi wasa da shi ba shi ne uwa. Uwa ita ce kaset ɗin da aka ɗauki murya a cikinshi daga bakin mawaƙi, daga gare ta ake kwafar na sayarwa. Ba a sayar da ita, ba a ba da aronta, ko hakimi ya aiko sai dai a kwafar mashi. Da an gama ɗauka zai ɓalle mata 'yan haƙoran nan biyu na sama don kada wani ya ɗora wata waƙa a kanta, ya ɗiga mata jan fenti a goshi, ya rubuta sunan mawaƙin da ajami. Ya taɓa kama ni zan sa wata uwa a rediyo don in ji daɗi kawai. Rankwashin da na sha ranar, har yau in hadari ya haɗo wurin na yi mani ƙaiƙayi.

Masu saye kuwa kala-kala. Direbobi su ne manya, su ba ruwansu da wace waƙa ce, in dai gangar za ta hana su gyangyaɗi. Bafulatani zai zo ranar kasuwa ya jingina sandarshi, ya ce a sa mashi ya ɗanɗana. Ya ji fuskar farko, ya ji ta biyu, sannan ya ce ai yanzu ya haddace, Allah ya ba da kasuwa. Wani tsoho ya taɓa dawo mana da kaset yana faɗa, wai an cuce shi, mawaƙin nan kullum magana ɗaya yake maimaitawa, ko sau ɗaya bai taɓa canza baki ba. Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ce zai yi ma mawaƙin magana.

Ranar da aka fara yarda in ɗauki murya da kaina, a Ɗantutture ne, wurin gayya. Ku ba ku san gayya ba, ku da kuka taso lokacin maganin feshi. Mutum zai gayyato samarin gari da na ƙauyukan kusa su taru su nome mashi gona a wuni ɗaya, shi kuma ya dafa abinci ya kira makaɗi. Makaɗin wannan yankin a lokacin Tanko ne. Gajere, ƙirji kamar turmi, gangar noma rataye a kafaɗa. In ya buɗe baki a Ɗantutture, mutanen Kutawa na ajiye fartanya su amsa. Ba daga zaune yake waƙa ba, bin manoma yake cikin kuyyar gona, yana kiran kowa da sunanshi da na ubanshi. Wanda ya yi gaba ya koɗa shi har ya manta yana da ƙugu. Wanda ya yi baya ya tsine ma tuwon da ya ci da safe, jama'a na dariya.

To ni ya zan ɗauka? Rikoda bisa kai da gammo, makirfo ɗaure a bakin sanda, ina tafiya da baya-baya a gaban Tanko, ƙafa na nutsewa cikin laka. In na matsa kusa ganga ta cinye muryar, in na ja baya iska ta cinye duka. Na faɗi ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya rikodar ba ta taɓa ƙasa ba. Ni ke taɓa ƙasa, ita tana sama. Da muka koma Kurfi Alhaji ya saurara, bai ce na iya ba, ba ya faɗin haka. Jan fenti kawai ya ɗauko. Kaset ɗin nan ya tafi kamar ƙosai ranar kasuwa, don duk wanda aka kira sunanshi sai ya saya, surukanshi ma sai ya saya masu.

Bayan nan na sami 'yanci na buɗe nawa shagon nan Dutsin-Ma, na yi aure, na yi tumbi. Faifan sidi ya zo ya girgiza mu amma ba mu faɗi ba. Sai memori. Wannan ɗan abin da bai kai farcen jariri ba, shi ya kashe mu, kuma a shekara ɗaya ya gama. Shekarar nan in na buɗe shago da safe, ƙadangaru ne kawai ke shigowa, har na san kowanne da halinshi. Abokan sana'a wasu suka koma acaɓa, wasu sayar da caja. Ni na koma gyaran rediyo da tocila, kaset na jibge a bayana ina jin kunyar kallonsu. Cikin shekarar Alhaji ya rasu. Magada suna son su ba da hayar shagon, suka kwashe duk abin da ke ciki suka ɗura a buhuna. Ba da mugunta ba, su a ganinsu shara ce. Kuma sharar ta sami masu so: manoman rani na bakin Zobe. Ashe in ka zaro zaren kaset ka ɗaure a kara ka zagaye gona da shi, rana ta haska yana walƙiya, iska ta kaɗa yana kuka, tsuntsu ba ya sauka. Kafin labari ya iso ni, buhunan sun watsu. Har da uwaye.

Shekaru suka wuce. Rannan da hantsi ina gyaran wata tocila sai ga wata tsohuwa ta tsaya mani a ka, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ce ita ce Tasalla daga Ɗantutture, matar mai gangar nan. Ba ta faɗi sunanshi ba, kun san matan da ba su kama sunan miji, amma na gane Tanko take nufi. Ta ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tashi amma baki bai tashi ba, ko ruwa da hannu yake nuna shi. Abin da ya kawo ta, jikokinshi. Sun taso sun tarar da tsoho a zaure ba ya magana, in ta ce masu wannan da muryarshi ake nome gonakin gari, sai su kalli juna su ƙunshe dariya. Kuma yana ganinsu. Ta bi gida-gida tana neman kaset ɗin. Wani rediyo ya cinye, wani an ɗora wa'azi a kai, wani yara sun yi mota da shi.

Ta ce, “Ɗanjuma, kai ka ɗauki muryar nan ka tafi da ita a ka, ina tsaye da tulun kunu ina kallonka. Ka dawo mashi da abinshi tun yana da kunnen ji.”

Na ce mata Inna ai uwar ta tafi korar tsuntsu. Ta ce to in bi ta.

Na bi. Na sha yawo bakin Zobe, gona-gona, har masunta suka fara zaton kifi nake saye. Abin da ya taimake ni, manoma ba su zuba buhun gaba ɗaya, kowace shekara kaɗan suke zarowa, sauran na rataye a bukka. Kuma ba su jefar da ƙoƙon kaset ɗin, a jikin karan ƙarshe suke barinshi yana lilo. Saboda haka jan fenti nake nema. Na ga uwaye da yawa a hanya, wasu rana ta riga ta soye su, sai dai in ce Allah ya jiƙan mai waƙar in wuce. A gonar wani Malam Iro, can kusurwar da ke kallon ruwa, na hango ɗigon ja na lilo. Na matsa. Rubutun Alhaji ne, Tanko, gayyar Ɗantutture. Zaren kuwa an yanka shi gunduwa-gunduwa, an ja daga kara zuwa kara, yana ta kuka cikin iska. Bai daɗe da ɗaurawa ba, amma gefenshi har ya fara nannaɗewa. Rana ba ta jira.

Malam Iro dogo ne, mai maganar a hankali, irin waɗanda in sun ce a'a sai ka ji kamar gaisuwa ce. Na yi mashi bayani tun daga garmaho. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, ya tausaya, in dawo bayan girbi. Shinkafarshi ta fidda kai, ƙwayar na da ruwa-ruwa, daidai lokacin da tsuntsu ya fi so, kuma abincin gidanshi ke nan na shekara. Gaskiyarshi ce. Ni kuma na san kafin girbi abin da zai rage a zaren nan ko tari ba zai fito ba. Na ce zan kawo mashi wani zaren, sabo fil, buhu guda, waƙoƙin Indiya zalla. Ya ce bai san halin na Indiya ba, wannan kuwa ya gwada shi, kusurwar nan ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa mashi ba. Muka yi ta ja. A ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi: ni zan kwance, ni zan ɗaura sabon, kuma tsakanin kwancewa da ɗaurawa ni ne zaren.

Haka aka yi. Ni Ɗanjuma, mai tumbi, mai jikoki, na wuni cikin gona da gwangwani cike da tsakuwa ɗaure a ƙugu. Hannu na kwance ƙulli, ƙugu na kaɗawa, baki na ihu. Tsuntsayen Zobe kuwa ba su da kunya ko kaɗan. Wani ya sauka bisa hulata ya leƙa fuskata, ya ga ba zare ba ne, ya kira 'yan uwanshi. Kuma ba a kwance zaren da ya sha rana da sauri, ka ja kaɗan ya miƙe kamar cingam, muryar da ke wurin ta tafi ke nan har abada. Kowane gundu na kwance sai in naɗe shi a biro daban, in jera su bisa ƙyalle yadda suka biyo juna a gonar, don in san wane ke bin wane.

Can da rana ta take, Malam Iro ya zo ya tsuguna yana kallo, ya tambaye ni wai wane Tanko ne. Na ce na Ɗantutture, mai gangar noma. Ashe mahaifinshi mutumin can ne, kuma da shi aka yi gayyar. Sai ya miƙe ya kama wani ƙulli zai taya ni, da yatsun nan nashi kamar rogo. Na buge hannun. Ya kalle ni, na kalle shi, sai ya kwance gwangwanin daga ƙuguna ya ɗaura a nashi. Shi ya ƙarasa ihun.

A shago aka yi aikin gaske. Kashin tsuntsu da ƙasa na goge da auduga, a hankali, ta fuskar mai sheƙi. Inda ya nannaɗe na shimfiɗa tsakanin ƙyalle biyu na bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, ɗumin da za ka iya ɗora ma kumatunka. Sai haɗi. Kowane gundu yana da gaba da baya, kuma ido ba ya gani, sai an haɗa an saurara. Na haɗa wani a juye, Tanko ya fito yana haɗiye maganarshi da baya-baya, maƙwabcina mai shayi ya bar butarshi ya tsallaka titi yana a'uziyya. Na warware na sake. Wani wurin ya ɓace ɗungurungum, ganga na tsakiyar kiɗa sai ta yi tsalle ta faɗa wata waƙar. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Amma cikin wannan ragowar akwai sunayen mutanen da yanzu ko kabarinsu ba a ganewa, akwai guɗar mata, akwai ƙarar fartanya, akwai irin kiɗan da duk faɗin ƙasar nan ba sauran mai yin shi. Na kwafa a sabon kaset kafin tsohon ya sake tsinkewa, sannan na kawo nan layinku aka juye a waya. Wannan kam na yarda, dannawarku ta yi rana. Yanzu haka waƙar tana wayoyin mutanen Kurfi da Kutawa, masu mashin na yawo da ita, wasu na zuwa shagona da kaset ɗin kakanninsu ƙunshe a leda wai in duba masu.

Amma kafin kowa ya ji, mai ita na fara kai ma. Na ɗauki tsohuwar rikodata na hau mashin zuwa Ɗantutture, Malam Iro a bayana, ya ce ƙafarshi ƙafata. Muka tarar da Tanko jingine a zaure bisa buzu, ƙirjin nan ya zube, hannu ɗaya kwance a cinya. Inna Tasalla ta tattaro jikokin kaf, har da masu gemu, ta jera su jikin bango. Maƙwabta suka cika ƙofa. Na danna.

Da farko iska ce kawai da shuuu. Sai ganga. Sai murya ta fasa zauren: “Ina mazan kuyya, rana ta yi, a duƙa.” Jikokin suka dubi rikoda, suka dubi tsohon, suka sake duban rikoda. Ba wanda ya ƙunshe komai. Tanko bai motsa ba sai da aka zo inda ganga ke canza taki, sai yatsun hannunshi mai lafiya suka fara bugun buzu, kuma wallahi ba su kuskure ko ɗaya ba, har inda zaren ya yi tsalle shi bai yi ba, ya cike gurbin da yatsa. Da aka kira sunan mahaifin Malam Iro, aka ce ya bar sa'o'inshi a baya suna cin ƙura, sai Malam Iro ya tuna yana da abin dubawa a jikin mashin, ya fita.

Ni kuwa kunnen sana'a bai bar ni na ji daɗi ba. Ina jin muryar na rawa, tana kartar maƙogwaro, wani wurin kamar ana jan kwano bisa siminti. Da kaset ya ƙare na fara ba da haƙuri. Na ce a yafe mani, iyakar ƙoƙarina ke nan, rana ce da iskar Zobe suka ɓata muryar, da can garau take kamar ruwan rijiya. Ina cikin zuba sai na ga kafaɗun Tanko na girgiza, bakin nan da ya karkace ya buɗe, dariya yake ba sauti. Inna Tasalla ta goge fuska da bakin mayafi, ta harare ni.

“Kai Ɗanjuma, bar ɗora ma rana laifi. Haka muryar take tun yana saurayi, ni na sani da na kwana da ita shekara da shekaru. Da daɗi gare ta, ka ga tsuntsu zai gudu? Mayar mana ita farko.”